Me ya sa manyan kantuna ba sa barin kaya a inda muka san su?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka taɓa aiki a manyan kantunan nan da mutum ke ɗaukar kaya da kansa. Me ya sa suke yawan sauya wa kaya wuri? Ka saba sabulun wanki yana layin ƙarshe, ko ido a rufe za ka iya zuwa ka ɗauko, kwatsam wata rana ka shigo ka tarar kayan wasan yara ne a wurin, sabulu kuwa sai ka yi ta bulayi. Sayayyar da a da kafin ka ce me ka gama ta, yanzu sai ta cinye maka yamma. Na tambayi wata ma'aikaciya, ita ma ta ce in tsaya ta tambayo. Da gangan suke yi ne, ko akwai wani dalili da ban sani ba?

Abu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Da gangan ne, Maman Ilham, ko tantama babu. Wanda ya haddace kanti ba ya kawo musu riba sosai. Yana shiga zai miƙe inda abin da ya zo nema yake, ya ɗauka, ya biya, ya yi gaba. Amma in suka birkita wurin dole ka bi layi-layi, kuma ido ba ya wuce abu bai gaya wa zuciya ba. Ka zo sayen man goge baki, ka fita da kofuna shida da fitilar caji. Cinikin ke nan.

Zulai_Zee:
Wallahi kamar kin shiga raina. Ni ba sauyin ne ya fi ƙona mini rai ba, allon da ke rataye a saman layi ne. A kwashe kaya a bar allo yana faɗin tsohon labari. Allo ya ce kayan wanka, ka leƙa ka ga abincin kyanwa.

Tsohon_Ma'aikaci:
Bari in sa baki, don na daɗe ina wannan aikin kafin in bari. Abu na farko da nake so ku sani, 'yan uwa, shi ne ma'aikacin da kuke harara a cikin layi ba shi da hannu a ciki, sau da yawa ma manajan reshen kansa ba shi da ta cewa. A kamfanonin da ke da rassa da yawa, daga hedikwata ake turo taswirar jera kaya. Takarda ce da aka zana kowace kanta a jiki: wane kaya ne zai zauna a hawa na nawa, guda nawa ne za su fuskanci mai saye, daga ina zuwa ina. Mu namu kawai mu bi.

Kuma da dare ake yi. Ana rufe ƙofa za mu sauke komai ƙasa ko cikin kwanduna, mu goge kantocin, wani lokaci mu kwance su mu ɗaga ko mu sauke saboda tsawon kwalaben da za a sa ya bambanta da na da, sannan mu cire ƙananan takardun farashi ɗaya bayan ɗaya mu liƙa sababbi. In ka yi kuskuren takarda ɗaya, duk abin da ke gefenta ya goce, sai ka sake daga farko. Gari na wayewa bayanka kamar zai balle, ga masu saye sun shigo kowa da fushinsa, kai kuma da ka jera kayan da hannunka ba ka gama riƙe inda komai yake ba.

Dalilan kuwa ba ɗaya ba ne. Sababbin kaya suna shigowa kullum, kanta kuma ba ta ƙaruwa, to dole wani ya matsa ko ya fita. Wani kayan an daina yin sa. Wani na lokaci ne, lokacinsa na wucewa za a ba wani wurin. Akwai kuma sata: ƙananan abubuwa masu tsada irin su reza, batir da turare, in aka ga suna yawan ɓacewa sai a dawo da su inda idon ma'aikata ko kyamara ke kaiwa. Ban ce maganar Abu Sadiq babu gaskiya a ciki ba, amma ba ita kaɗai ba ce.

Abu_Sadiq:
Malam Tsohon Ma'aikaci, Allah ya saka da alheri, na ji bayaninka. Sai dai ka lura, duk dalilan da ka lissafo suna bayyana me ya sa za a matsa da abu taku biyu. Ba su bayyana me ya sa za a ɗauke layi sukutum daga gabas a kai shi yamma ba.

Tsohon_Ma'aikaci:
Wannan babban sauyin ba kullum ake yin sa ba, kuma yana cin kuɗi sosai. Yawanci yana zuwa ne da gyaran gini, ko sababbin firji, ko an buɗe wani sashe da babu shi a da, kamar wurin magani, sai komai ya ture na kusa da shi. Amma na yarda, idan za a yi, masu zanen suna tunanin ta ina ƙafarka za ta bi. Ba su zana don ka fita da wuri ba.

Mai_Lissafi:
Akwai abin da ba a taɓo ba tukuna, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan maganar. Kantar da kuke gani haya ake bayarwa. Kamfanonin da ke yin kaya suna biyan manyan kantuna kuɗi don a karɓi sabon kayansu a ba shi wuri, wasu kuma suna biya don a sa nasu a bakin layi inda kowa ke wucewa. Abin ya yi ƙarfi a Amurka har hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta fitar da rahoto a kansa a 2003. To yarjejeniya na ƙarewa, wani kamfanin ya zo da tayin da ya fi, sai wurin ya koma nasa. Kai mai saye abin da ka gani kawai shi ne shamfu ɗinka ya sauka ƙasa.

Ku gwada wani abu in kun sake shiga. Ku tsaya a gaban kowace kanta ku dubi abin da ke daidai idonku, sannan ku sunkuya ku dubi na ƙasa. Sau da yawa mai rahusa yana can ƙasa ko can sama, wanda ya fi kawo riba kuma yana daidai inda hannu zai kai ba tare da wahala ba. Na yara kuma ana sauke shi daidai tsayinsu, ba sai na gaya wa iyaye me hakan ke jawowa ba.

Sannan duk wannan ba da ka ake yin sa ba. Tun watan Yunin 1974, da aka fara karanta lambar nan mai zane-zane ta jikin kaya da na'ura a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo, a jikin fakitin cingam, kantuna suka samu hanyar sanin me aka saya, yaushe, kuma tare da me. Da katin rangwame na abokan ciniki ya zo, irin wanda Tesco ya fito da shi a Birtaniya a 1995, sai suka san har wane ne ya saya. Idan lissafi ya nuna masu sayen wannan suna yawan haɗawa da wancan, za a matso da su kusa. Idan ya nuna wani abu yana cin wuri ba ya tafiya, za a rage masa fili.

Hajiya_Turai:
Ikon Allah. Wato ni da nake sunkuyawa da ciwon gwiwa ina ɗaukar na ƙasa, ashe ni ce mai wayon.

Sani_Gajere:
Hajiya, ku gode wa Allah ku masu sunkuyawa. Mu da ake kai mana kaya hawa na sama fa? Sai ka tsaya kana jiran wani dogo ya zo wucewa ka roƙe shi.

Ummu_Hanif:
Kuna ta raha, amma ga wasunmu abin ba na dariya ba ne. Ɗana yana da lalurar nan ta galahanga da ke sa yaro ba ya jure sauyi da hayaniya. Sai da muka sha fama kafin ya saba da zuwa sayayya, kuma abin da ya taimaka shi ne bin hanya ɗaya kullum: mu fara nan, mu bi nan, shi zai ɗauko mini kaza da kansa. Ranar da muka shiga muka tarar an juya komai, a ƙasa ya zauna ya toshe kunnuwansa, mutane suna kallonmu kamar ni ce ban iya tarbiyya ba. Haka na bar kwandon a wurin muka fita. Wanda ya zana taswirar nan a ofis bai san da mu ba.

Baba_Mai_Sanda:
'Yata Ummu Hanif, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan haƙuri. Ni ma nawa ya yi kusa da naki. Idona ya yi rauni, ƙananan rubutu ba na ganin su sai na kai abu dab da hanci. Da ƙafa nake sayayya, ba da ido ba. Na san daga ƙofa in na wuce layi kaza na juya dama, abin da nake so yana daidai ƙirjina. In aka sauya, ba wai ɓata mini lokaci aka yi ba, an mayar da ni mai neman taimako ne. Kuma tsoho ba ya son kullum ya zama shi ne mai cewa yaro zo ka duba mini.

Ummu_Hanif:
Amin Baba, na gode. Abin da ya sa na san za su iya in sun so shi ne, kamfanin Morrisons a Birtaniya tun 2018 ya ware awa ɗaya a safiyar Asabar, ana rage hasken fitilu, a kashe kiɗa, a rage ƙarar na'urorin biyan kuɗi, saboda masu irin lalurar ɗana. Wanda ya iya wannan, sanar da mutane cewa za a sauya wa kaya wuri ba zai gagare shi ba.

Kabiru_Kai_Tsaye:
Ku yi mini afuwa, amma ban da su Baba da Ummu Hanif da uzurinsu yake a fili, sauranmu raki ne kawai. Kantin nasu ne, kayan nasu ne. Ka shiga sau biyu ka sake sabawa. Baki kuma me aka yi shi don shi? Ka tambaya mana.

Zulai_Zee:
Malam Kabiru, a tambayi wa? Ka taɓa neman ma'aikaci a irin wannan ranar? Mutum ɗaya ne a sashe guda, mutum biyar sun kewaye shi. Kuma ka koma sama ka karanta, Maman Ilham ta ce ta tambaya, ita ma ma'aikaciyar tambayowa ta tafi.

Kabiru_Kai_Tsaye:
To ai ta dawo da amsa ko? Ba a kwana a can ba.

Maman_Ilham:
Ba ta dawo ba, ɗan'uwa. Wani ne ya tare ta a hanya da tasa tambayar.

Malam_Nazari:
Muhawarar nan ta yi daɗi. Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Abu Sadiq, don tarihi yana bayansa fiye da yadda shi kansa ya zata. A da, ko a Turai da Amurka, mai saye ba ya taɓa kaya. Za ka tsaya a gaban teburi ka faɗi abin da kake so, yaron kanti ya ɗauko maka. Wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ne ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memfis na Amurka a 1916, inda mutum ke ɗaukar kwando ya zaɓa da kansa. To yadda ya tsara wurin, ta ƙofa ɗaya ake shiga, kuma hanyar tana lanƙwasa ne ta yadda sai ka wuce ta gaban dukkan kayan kafin ka isa wurin biya. Ka ga tun ranar farko, sa mutum ya ga abin da bai zo nema ba yana cikin ginin sana'ar.

Keken da muke turawa ma haka. Sylvan Goldman ne ya kawo shi a kantunansa a Oklahoma a 1937, bayan ya lura mutane suna daina ɗauka da zarar kwandon hannu ya yi musu nauyi. Da farko ma mutane ƙin sa suka yi, sai da ya ɗauki hayar wasu maza da mata suna zagayawa da shi kamar masu sayayya kafin jama'a su karɓa.

Har wannan ruɗewar da mutum ke yi, ya shiga da niyya ɗaya ya manta da ita, masana harkar sun laƙaba mata sunan Victor Gruen, mai zanen gine-gine ɗan asalin Ostiriya wanda ya zana katafariyar cibiyar kasuwanci ta Southdale a jihar Minesota, aka buɗe a 1956. Abin mamaki, shi kansa a ƙarshen rayuwarsa ya nesanta kansa daga abin da irin waɗannan wurare suka zama.

Abu_Sadiq:
Kun ji ko? Malam Nazari ya gama magana. Shi ya sa ma madara take can ƙuryar kanti, don sai ka ratsa komai kafin ka kai gare ta.

Injiniya_Bello:
A nan kam zan ɗan ja da kai, Abu Sadiq. Aikina ke nan, harkar sanyaya wuri. Madara da danginta ba sa son fita daga sanyi ko na ɗan lokaci. Motar da ke kawo su ta bayan gini take tsayawa, ɗakin sanyi yana nan kusa, kuma a kantuna da yawa firjin da kake buɗewa ta gaba, ta bayansa ake cika shi daga cikin ɗakin sanyin kai tsaye. Ga bututu, ga wayoyin wuta, ga injinan da ke fitar da zafi waje. Jawo duk wannan zuwa bakin ƙofa kuɗi ne mai yawa. Cewa hakan ya kuma yi musu daɗi don kana ratsa kanti, wannan gaskiya ne, tsuntsu biyu suka jefa da dutse ɗaya. Amma ka lura, sashen firji shi ne wanda ya fi daɗewa bai motsa ba, saboda motsa shi ba wasa ba ne. Busassun kaya su ake yi wa yawo.

Abu_Sadiq:
Na karɓi gyara a kan firji, Injiniya. Sauran kuwa ina nan a kan bakana.

Safiya_A:
Wani lokacin ma doka ce ke tilasta musu. A Ingila, daga 1 ga Oktoban 2022 an hana manyan kantuna ajiye kayan da suka cika sukari, gishiri ko kitse a bakin ƙofa, da ƙarshen layi, da wurin biyan kuɗi. Dokar ta shafi kamfanonin da ke da ma'aikata 50 zuwa sama, a shagunan da girmansu ya wuce murabba'in ƙafa 2,000. To ku duba, alawa da cakulan da aka kwashe daga waɗannan wurare sai an nemo musu mazauni a cikin layuka, abin da ke can kuma ya matsa. Masu saye da yawa sun shiga sun ga an hargitsa wuri, ba su san daga majalisa abin ya taso ba. Haka a 2020 lokacin korona, da aka liƙa kibiyoyi a ƙasa aka ce kowane layi ta hanya ɗaya za a bi.

Sani_Gajere:
Kai, kibiyoyin nan! Ka wuce abu da taku uku, a ce sai ka zagayo ta wancan layin. Har yau in na tuna sai na yi dariya.

Nafisa_Online:
Ni fa na huta da duk wannan. Ta waya nake oda, in rubuta sunan abu ya fito, a kawo mini har ƙofa.

Zulai_Zee:
Anti Nafisa, ai can ma ba a tsira ba. Manhajar da ka saba da ita, ka kwana ka tashi an sabunta ta, maɓallin da ke ƙasa ya koma sama, jerin abubuwan da ka saba saye an ɓoye shi a wani lungu. Kuma ki rubuta sunan abu ki gani, ukun farko duk na waɗanda suka biya kuɗin talla ne, naki yana ƙasa. Hayar kantar da Mai Lissafi ya faɗa ce ta koma cikin waya.

Nafisa_Online:
Wannan haka yake. Ga kuma mai haɗa kayan in bai ga naki ba ya sako miki wani ya ce ai kusan ɗaya ne.

Tsohon_Ma'aikaci:
Kin san me ya sa wani lokacin bai gani ba? Shi ma a cikin layukan nan yake yawo, kuma ana ƙirga masa lokaci. In an yi sauyi ba a gyara bayanin da ke cikin na'urar hannunsa ba, za ta tura shi inda kayan suka bari. Sai ya danna babu, alhali suna nan a layi na gaba.

Hajiya_Turai:
Tunda an zo nan, ni abin da ya fi sauyin wuri ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sauyin kwali. Man shafawar da na san shi da shuɗin murfi, sai a mayar da shi fari, a sauya rubutun, a kuma rage girman robar. Ina tsaye a gabansa ina nemansa.

Admin_Garba:
Jama'a, a yi haƙuri a dawo kan tambayar Maman Ilham. Maganar manhaja da rage girman kaya a buɗe musu nasu zauren, don kowannensu zai ci yini.

Mai_Lissafi:
To bari in dawo da mu, ranka ya daɗe. Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce, shin dabarar tana biyan su kuwa? Don ba kullum take ci ba. Wajen 2009 Walmart ya yi wani babban gyara a kantunansa na Amurka: ya kwashe tulin kayan da ake jibgewa a tsakiyar manyan hanyoyi, ya rage dubban kayayyaki don wuri ya yi fili ya yi kyau. Mutane suka zo ba su ga abin da suka saba saye ba, suka tafi wani wurin, kuma wanda ya tafi neman abu ɗaya can yakan yi sauran sayayyarsa. Cinikin rassansa na Amurka ya yi ta ja da baya kusan shekara biyu a jere, ko da yake matsin tattalin arzikin lokacin ma ya taka rawa. A 2011 kamfanin ya sanar zai dawo da kaya kusan 8,500.

JCPenney, wani kamfanin manyan kantunan sutura da kayan gida a Amurka, ma ya ɗanɗana. Sun ɗauko Ron Johnson daga Apple a ƙarshen 2011, ya shiga sauya fasalin kantunan yana mayar da su ƙananan shaguna a cikin babban shago. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 25 cikin ɗari a 2012, a watan Afrilun 2013 aka sallame shi.

Malam_Nazari:
Ƙaramin gyara, Mai Lissafi. Na JCPenney, babban abin da ya kori mutane shi ne soke takardun rangwame da gwanjon da suka saba da shi, sauyin fasalin ya zo ne a kai. Kada mu ɗora wa jera kaya laifin da ba nasa kaɗai ba. Amma tushen ɗaya ne, an raina sabon da mutane suka yi.

Mai_Lissafi:
Haka ne, Malam. Sabo shi ma dukiya ce ta kanti, sai dai ba ya fitowa a takardar lissafi sai ranar da aka rasa shi.

Kabiru_Kai_Tsaye:
To in ruɗa mutane yana kashe kasuwa, ku bayyana mini IKEA, kantin nan na kayan ɗaki. Ka shiga sai ka bi doguwar hanya mai lanƙwasa ta cikin ɗakunan kwana da kicin kafin ka ga ƙofar fita, kuma mutane suna tururuwa. Costco kuma, kantin sari na Amurka, ko allon layi ba su cika sawa ba, kaya suna yawo, jama'a har kuɗin zama mamba suke biya don su shiga.

Safiya_A:
Bambancin a bayyane yake, Malam Kabiru. Wanda ya je IKEA ya san yawo ya je, ya ware lokacinsa, kuma ba kowane mako yake sayen gado ba. Hanyar tasu ma ba ta sauyawa kullum, akwai taswira, akwai ƙananan ƙofofin yanke ga wanda ya san su. Costco kuma kayansu kusan iri 4,000 ne kacal, alhali babban kantin kayan masarufi a Amurka yana iya ɗaukar iri 30,000. Neman abu a cikin dubu huɗu daban, a cikin dubu talatin daban. Wadda ta taso daga aiki a gajiye, yaro a hannu, tana son abu uku ta wuce gida, ba ta zo buɗe ido ba.

Baba_Mai_Sanda:
Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Allah ya yi miki albarka.

Injiniya_Bello:
Wani abu da ban ji an ambata ba: kiɗan da suke sawa. Akwai binciken da Ronald Milliman ya wallafa a 1982, ya nuna in aka sa kiɗa mai tafiya a hankali mutane suna rage sauri, ciniki kuma ya ƙaru. Wato ko ba a taɓa kanta ɗaya ba, akwai hanyoyin riƙe ka. Shi ya sa nake ganin kantin da ke yawan birkita kaya don kawai ya tsayar da mutane, ya zaɓi hanya mafi tsada kuma mafi ɓata rai.

Abu_Sadiq:
Ko mafi tsada ce, in ba ta biya da sun daina. Waɗannan mutanen ba sa asara da ganganci.

Tsohon_Ma'aikaci:
Suna yi, Abu Sadiq, na gani da idona. Wani lokacin sabon shugaba ne ya zo yana son a ga aikinsa. A sa mu kwana muna jera kaya, bayan ɗan lokaci ciniki ya ƙi, a sake turo takarda a ce a mayar kusan yadda yake a da. Babu wanda zai zo ya ce an yi kuskure, sunan sabon tsari kawai za a ba shi.

Ga masu neman sauƙi kuwa, ga abin da na sani. Ku daina rubuta jerin sayayya bisa lambar layi, ku rubuta bisa dangin kaya, na wanki wuri ɗaya, na wanka wuri ɗaya, don ko an ɗauke su tare ake ɗaukewa. In kantin yana da manhaja, wasu suna nuna lambar layin da abu yake. In za ku tambaya, ku nemi wanda ke jera kaya, ba mai karɓar kuɗi ba, shi ba ya barin kujerarsa. Sannan ƙorafi a baki ga yaron layi ba ya zuwa ko'ina. Ku rubuta ta hanyar da kamfanin ya tanada, wadda wani lokaci take a ƙasan rasit, wannan ita ake ƙirgawa a sama.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Na fahimci ba duka ne mugunta ba, kuma daga yau na daina hararar 'yan layi, Malam Tsohon Ma'aikaci ka isar musu da gaisuwata. Amma har yanzu akwai abin da ban gane ba. In dole ne a sauya, me zai hana a liƙa 'yar takarda a tsohon wurin a ce sabulu ya koma layi na tara? Nawa takarda take? Ko a ajiye taswira a bakin ƙofa na mako biyu. Rashin yin wannan shi ke sa ni komawa ga maganar Abu Sadiq.

Tsohon_Ma'aikaci:
Wasu rassan suna yi, ya danganta da manaja. Inda na yi aiki mun taɓa rubutawa da hannu muka liƙa, wani babba ya zo zagaye ya ce a cire, wai yana ɓata kyan wuri.

Abu_Sadiq:
Wai yana ɓata kyan wuri. To ni me zan ƙara?

Kabiru_Kai_Tsaye:
Wannan babban dai shi ne bai iya aiki ba, ba hujja ba ce a kan kowa. Ni har yanzu ina ganin mako ɗaya ya isa mutum ya sake sabawa.

Ummu_Hanif:
Ya ishe ka, Malam Kabiru. Mu sai mun fara daga farko, layi ɗaya a kowane zuwa. Malam Tsohon Ma'aikaci, don Allah in mutum ya je ya tambayi manaja, zai iya gaya masa ranar da za a yi babban sauyi tun kafin a yi? In na sani, sai in je ni kaɗai tukuna in ɗauki hotunan layukan in nuna wa yaron a gida.

Tsohon_Ma'aikaci:
Babban sauyi manaja yakan san da shi tun da sauran lokaci, don sai ya tsara masu aikin dare. Ki same shi da safe lokacin da babu cunkoso, ki yi masa bayanin yaron, ki kuma nemi izinin ɗaukar hoton, saboda wasu kantunan suna hanawa. Ƙananan sauye-sauyen ne ba zan iya yi miki alkawari ba, su kan zo mana ma a ranar.